Tawada Ba Ta Zama a Ƙasa

Ranar da Inna Barakatu ta kai ƙarshen Baƙara a makarantar matan aure ta Lausu, 'yarta Sadiqa ta yi kuka a waya har muryarta ta dushe. Matar da ta ƙarar da ƙuruciyarta wajen tuƙa wa ɗaliban mijinta tuwo, sai da furfura ta cika mata kai sannan ta samu zama ta yi nata karatun. Cikin kukan nan Sadiqa ta ɗauki alkawari: duk macen da ta zo walimar sauka za ta koma gida da takardar azkar na safe da yamma, mai ado a gefe, da sunan Inna a ƙasa.

Alkawari kuwa kaya ne. Walima gobe Asabar, yau ga Juma'a ta yi.

Mijin Sadiqa, Ƙasimu, yana da shagon buga hotuna da katunan biki a bakin kasuwar Rano, sai dai firintarsa ba ta nisa take shanye 'yar tawadar da ke cikinta. Don haka ya sayo kayan sauyi daga Kano: tankuna huɗu a manne da juna, baƙi da shuɗi da ja da ruwan ɗorawa, da siraran tiyo masu kai tawadar har cikin injin. Ya ɗauko firintar ya kawo gida, ya ajiye ta a kan ledar ɗaki, ya jingina wayarsa da filo yana kallon bidiyon yadda ake haɗawa.

"Riƙe min tiyon nan, 'yar Malam. A'a, ba kamar kin kama maciji ba."

"To ai kama suka yi, Injiniyan waya."

Ya yi dariya bai ɗago ba. Ita kuwa yatsunsa take kallo, yadda suke bin komai a hankali kamar mai cire wa jariri ƙaya, sai ta ji wani abu mai ɗumi ya tsaya mata a ƙirji. Ya zare tsoffin gidajen tawadar, ya danna sababbin ɗaya bayan ɗaya har kowanne ya ce ƙas. Ya manna maƙalin da zai riƙe tiyon, ya tura kan firintar dama da hagu don ya ga ko zai harɗe. Ya zuƙe iskar ciki da sirinji, ya buɗe 'yan marafan da tankunan ke shan iska, ya ajiye su a ƙasa gefen injin. Takardar gwaji ta fito tas.

Sai aka fara kiran salla.

"Bar ta ta huta, tawadar ta zauna," ya ce yana ɗora hula. "In na dawo sai mu sa ta aikin Inna."

Bayan fitarsa ta ɗauki tsintsiya. Da shara ta kawo ta gefen tankunan sai hannunta ya tsaya. A gidansu kurtun tawadar mahaifinta Malam bai taɓa zama a ƙasa ba. Ko yaro ne ya sauke shi bisa kuskure, Malam kan ce abin da zai rubuta sunan Allah ba a barinsa inda ƙafa ke wucewa. To wannan ma ai sunan Allah za ta rubuta. Ta jawo ɗan teburinsu na shayi, ta yi bismilla, ta ɗaga tankunan ta ɗora a kai, har da rufa musu farin hankici. Ta shiga kicin zuciyarta fes.

Sai da shinkafa ta tsotse ta dawo ɗakin. Baƙin ruwa ne kwance a ƙarƙashin firintar, ya yi hanya yana neman ƙofa, gefensa shuɗi-shuɗi. Ta durƙusa tana tare shi da hannuwa biyu kamar za ta mayar da shi inda ya fito. A haka Ƙasimu ya same ta.

Ya sauke tankunan, ya zare wayar wutar daga soket, ya buɗe murfin. Cikin ya jiƙe sharkaf.

"Wa ya ɗora su sama?"

"Ni ce." Ta dubi teburin. "Azkar za ta rubuta, Yaya. Na ga tana ƙasa, kusa da inda muke takawa."

Ya kalle ta, ta kasa gane ko fushi ne. Can ya zauna dirshan a gefen ruwan da babbar rigarsa ta Juma'a.

"Ruwa gangare yake bi, Sadiqa. In tankin ya fi injin tsawo, zuba zai yi ta yi ko ba a tambaye shi ba. Laifina ne da ban faɗa miki ba." Ya ɗan murmusa. "Mutumin cikin wayar nan dai bai san 'yar wa na aura ba."

"Ta lalace ke nan?"

"In ta taɓa allon wuta, ta lalace. In ba ta taɓa ba, da sauranmu."

Ita ta haska masa da fitilar waya, shi ya kwance ƙusoshi. Ya ciro soson da ke shanye ragowar tawada yana ɗiga, ya sa sabo daga cikin kwalin kayan. Ya goge kan firintar da auduga, ya sake zuƙe tiyon, suka kunna fanka a kanta suka zauna jira. Abinci ya huce babu wanda ya tuna da shi. Duk lokacin da ta rufe ido, fuskar Inna take gani a tsakiyar ƙawayenta, hannu babu komai.

Bayan La'asar ya miƙa hannu zai kunna, ta riƙe masa riga.

"Ko ta tashi, ni dai ba zan so a buga a ƙasa ba."

"Dole su zauna kai ɗaya, ita da tankunan. Teburin nan kuma ba zai ɗauke su ba."

Sadiqa ta waiwaya ta dubi kabad ɗin jerenta, inda kulolin aurenta suke a jere, waɗanda ko shi ba ta bari ya taɓa. Ta tashi ta fara sauke su ɗaya-ɗaya. Tare suka ɗaga, shi da injin ita da tawadar, suka ajiye su kafaɗa da kafaɗa.

Firintar ta yi gyaran murya, ta ja takarda. Ta farko ta fito da baƙin zane a tsakiya, ta biyu da ɗan digo. Ta uku ta fito da ayoyinta tas da koren ado, ga sunan Barakatu a ƙasa.

Sadiqa ta kai hannu, sai ta tuna ta janye. Tafukanta sun rine, shuɗi a kan ja har wuyan hannu.

"Karɓi mana," in ji Ƙasimu.

"Zan ɓata ta. Riƙe min ita kusa in karanta."

Ya riƙe mata, ta karanta sunan uwarta a hankali, hawaye na gangaro mata.

"Gobe in matan Lausu suka tambayi wa ya yi miki wannan lallen," ya ce, "kada ki ba su lambata. Na rufe aiki daga kanki."