Ƙaura a Watan Fatalwa

Yaya Kun-ta ne ya ɗauko ni daga shagon gyaran babur a birnin Taichung. Ya kawo nasa gyara, ya tsaya yana kallon yadda nake jera kusoshi a kan tsumma, sai ya ce, "Mai irin wannan haƙurin bai kamata ya tsufa cikin baƙin mai ba." Na ce masa ko sakandare ban gama ba. Ya ce injin ba ya tambayar takarda.

Kamfaninmu ƙarami ne. Muna ajiye wa asibitocin haƙori da shaguna bayanansu a kan injinan haya da ke nesa, waɗanda ake ce wa gajimare. Ba ma taɓa su da hannu. Manhaja guda ce ke ba su umarni, Yaya ya laƙaba mata Madugu. Shi kuma Madugu ba ya jin yaren masu injinan sai an ɗora masa fakiti, wato wata manhajar da za ta yi masa tafinta. Namu tsoho ne, ƙato, ya kwaso komai har da abin da ba mu taɓa nema ba. Nauyinsa yakan kayar da Madugu, sai ka ji waya ta ɗauki ƙara, likita na faɗa, mara lafiya na kan kujera baki buɗe.

Maganin shi ne a ɗora ƙananan fakitoci, kowanne da aikinsa: na rumbun ajiya daban, na hanyoyin sadarwa daban, na bayanai daban. Yaya ya fara aikin da bazara, yana kiransa ƙaura. Bai kai ƙarshe ba ciwon hanta ya kwantar da shi.

Ni na ƙarasa ɗora su. Suka zauna lafiya, amma a allo duk rawaya suke, ba su yi kore ba, don ƙarami ba ya iya kama aiki matuƙar tsohon yana riƙe da shi. Saura a tsayar da tsohon, a miƙa musu. Ana nan sai watan bakwai ya kama, watan fatalwa, wanda mutanenmu ke cewa ruhohin matattu na fitowa yawo a cikinsa.

"Ba za a yi ba," in ji Madam Chien, mai kamfanin. "Wa ka taɓa gani ya tashi gida a wannan watan?"

"Madam, ai ba gida ba ne," in ji Pei-ju, abokiyar aikina mai bakin tsiya. "Fatalwar da ta san lambar sirrinmu, gara mu ɗauke ta aiki."

"Rufe min baki. Kun-ta da kansa ƙaura ya kira ta. Mutum yana kwance a asibiti, ku kuma ku cire abin da ya dasa da hannunsa? Ku bari wata ya fita."

Ba mugunta ba ce. Tsoro take ji, kuma domin Yaya take jin tsoron.

Kullum in an tashi nakan biya asibiti. Ya rame har agogonsa na zamewa zuwa gwiwar hannu. Ba ya tambayar komai sai abu ɗaya.

"A-Hsien, sun yi kore?"

"Saura kaɗan, Yaya."

"Saura kaɗan ɗin nan ya girme ka. Tsoro kake ji, bakanike?"

"Madam ce ta ce a jira wata ya fita."

Ya yi dariya, tari ya karɓe ta. Da ya lafa ya ce, "Watan zai fita. Ni ne ban sani ba ko zan raka shi bakin ƙofa." Ya juya fuska bango. "Ba na so in bar muku wannan jibgegen yana kayar da ku. Shi ke nan abin da nake so."

Washegari na tsaya a ƙofar ofishin Madam. Ban iya jayayya ba, na dai ce mata, "Madam, ki je ki gan shi." Ta dube ni, ta ɗauki jakarta ta fita.

Ban san me suka ce wa juna ba. Da safe na tarar ta kafa tebur a bakin titi, ta jera wa fatalwowi lemo da taliyar kwali, ta kunna turare. Ta shigo da sabuwar ledar cincin ɗin kwakwa, koriya, irin wadda muke ɗora wa injina don su zauna lafiya. Ta cire tsohuwar da Yaya ya ɗora kan allona, ta sa wannan.

"Ku yi da rana tsaka," ta ce. "Kuma kada wanda ya yi fito da baki, yana kiran fatalwa."

Pei-ju ta zauna kusa da ni, yau babu tsiya. Na fara duba cewa ko tsohon ya tafi, bayanan mutane ba za su bi shi ba, kamar yadda Yaya ya koya min. Na sake dubawa. Sannan na tsayar da shi. Fakitin rumbun ajiya ne ya fara komawa kore, na hanyoyi ya biyo. Na bayanai ya daɗe yana rawaya, har Pei-ju ta fara cizon farce.

"Haba ɗan nan, kar ka ba mu kunya," ta ce da allon.

Ya yi kore. Waya ba ta yi ƙara ba.

Na hau babur. A asibiti na tarar an sa masa robar iska, matarsa na shafa masa ƙafa. Na sunkuya kusa da kunnensa.

"Yaya, sun yi kore. Dukkansu."

Ya buɗe ido da ƙyar. "Tsohon fa? Ya yi gardama?"

"Bai yi ba. Lafiya lau ya saki."

"To madalla," ya ce. Ya ɗan matse min yatsa, ya koma barci.

Bai raka watan bakin ƙofa ba.

Ranar jana'iza, muna tsaye ana ƙona kuɗin takarda na rakiyar mamaci, Madam ta matso kusa da ni. Idonta ya kumbura.

"A-Hsien, da mun jira…"

"Da bai ji ba, Madam."

Ta gyaɗa kai, amma na ga maganar ba ta zauna mata ba. Har yau in ta wuce ta bayan kujerata takan tsaya ta dubi allon, ta gyara zaman ledar nan, ta wuce. Madugu bai sake faɗuwa ba. Wani lokaci in wayar ofis ta yi shiru yini guda, sai in ji ina so ta yi ƙara, don da can in ta yi, muryar Yaya ce ke biyo baya: "Bakanike, taso mu ga."