Abin da ke Cikin Tayar Alhaji Magagi

Motar Alhaji Magagi ba ta gama ƙamshin kanti ba tayarta ta gaba ta fashe tsakanin Bonkuku da Filinge, a shimfiɗaɗɗiyar hanyar da ko jaki ba ya tuntuɓe. Motar ta kife a gonar wani, buhunan wake suka watse, Alhaji ya fito da goshi a kumbure.

A lokacin, in ka cire ta kumandan, Baturen mulki, motocin ƙasar Kurfai ba su cika yatsun hannu ba, amma kafin la'asar kowa a kasuwa ya zama masanin taya. Baturen kamfanin da ya sayar da motar a Yamai ya aiko da cewa in aibin daga wurin ƙira ne zai musanya, in kuwa gangancin direba ne babu ruwansa. Alhaji ya dubi direbansa Kailu ta wutsiyar ido.

"In na kampani ne, makulli na hannunka. In naka ne, ka san sauran."

Kailu ya san bai yi ganganci ba, don haka ya shiga zargin kowa. Ya zargi Bature da sayar wa baƙar fata ruɓaɓɓen kaya. Ya zargi Lawali, abokin hamayyar Alhaji a fataucin wake, wanda ya zo jaje da fara'ar da ta yi yawa. Tsoro ya kama shi ƙwarai, domin direban da aka kora kan kifar da sabuwar mota ba ya sake riƙe sitiyari daga nan har garin Damana. Shi da kansa ya nace a buɗe tayar a gaban jama'a.

Aka kira Albarka maƙeri, wanda ke facin taya a bakin kasuwa. Tsohon da kullum yake rawar jiki da aiki, yau sai ya tsiri neman guduma, ya ce rana ta yi zafi, a bari sai gobe. Kailu ya ƙura masa ido. Ashe ma ɓarawon na kusa!

"Baba Albarka, buɗe ta yanzu. Mi kake ɓoyo?"

Albarka ya sa ƙarfe ya ɓanɓare bakin tayar. Kailu ya riga kowa zura hannu. Tsakanin taya da robar ciki wani abu ya soke shi a yatsa. Ya jawo shi cikin tafinsa, ya leƙa. Laya ce ta jar fata, tsinin allura ya huda ta ya fito. Ɗinkin kuwa ya san shi, irinsa ne a kan layun da ke damtsensa tun yana yaro.

Albarka ya sunkuyo kamar mai gyara ƙarfe, ya yi masa raɗa. "Innarka Habsatu ta kawo, randa ka bar min mota in ƙara iska. Ta ce maganin ƙarhe ne, kada mota ta ci mata ɗa. Kuka ta yi min."

"Mi kuka gani?" in ji Alhaji, yana matsowa, jama'a na biye da shi.

Kailu ya dubi fuskokinsu. Waɗannan mutane, in suka ga allura cikin laya a motar Alhaji, ba mai cewa tsari ne. Sammu za su ce, kuma kafin magariba an sa wa tsohuwa sunan mayya, sunan da ba ya fita har kabari. Ya dunƙule hannu, allurar ta ƙara shiga.

"Ba komi, Alhaji. Ni na cika mata iska har ta yi yawa bayan mun hito rairayi. Laihina ne."

Alhaji ya miƙo hannu. Kailu ya ba shi makulli da hagu.

A gida ya tarar da Inna Habsatu tana tankaɗen gari, fuskarta fal murna. Bai taɓa jin haushinta da tausayinta a lokaci guda irin na ranar ba.

"Ka ga aikinta ko, Kailu? Mota ta kihe, ka hito da ƙahwahunka."

"Na gani, Inna."

"To, na ɗinka na sauran tayoyin. Yaushe za ka kai motar wurin Albarka?"