Ranar da Aka Ɗaura wa Inji Zani

Duk wanda ya taɓa bi ta bayan siton Wilfred a garin Gidan Waya lokacin kakar citta ya san muryar Mama Hephzibah tun kafin ya san fuskarta. Ita ce ke ba da waƙa, sauran mata na amshi, wuƙaƙe na tafiya. Aikinsu tsagar citta ne: a ɗauki ɗanyar citta a raba ta a tsaye, a jefa cikin daro, a kai wajen shanya. Aiki ne mai cin hannu, don yajin citta ba ya barin ko ƙaramin yanka sai ya shiga ya gaishe shi. Da wannan hannun Mama Hephzibah ta riƙe 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta Abednego, har babbarsu ta zama malamar makaranta. Ba ta kuwa ɓoye alfaharinta. In ka yi rashin sa'a kuka zauna kujera ɗaya a motar Kafanchan, kafin ku isa ka haddace labarin.

A bana ne aka sauke wani abu a ƙofar siton, lulluɓe da tamfol. Da aka yaye sai ga inji kore, mai faffaɗan baki a sama inda ake zuba citta, da bel a gefe, da wata 'yar ƙofa a ƙasa inda tsagaggiyar ke fitowa. Wilfred ya tara matan ya yi musu bayani yana sosa ƙeya. Shi ba mugu ba ne, ɗan ƙawar Mama Hephzibah ne marigayiya, kuma ita ce ta yi masa wankan farko a duniya, abin da ba ta taɓa barinsa ya manta ba. Ya ce masu sayen citta sun daina jira, duk manyan dillalai sun koma inji, wanda ya tsaya a wuƙa kasuwa za ta wuce shi. Abin da suke yini suna tsagawa, injin zai gama kafin ruwan shayi ya huce. Ya riga ya yi magana da wasu samari a Kafanchan da suka san kan injin, su za su zo su riƙe shi.

Matan suka dubi juna. Yawancinsu gwauraye ne, wasu kuma kakanni masu riƙon jikoki, kuma kuɗin tsaga na kaka shi ne ke ɗaukar gidajensu har damina. Babu wani sito da za su koma, tunda labarin ɗaya ne ko'ina. Mama Lucy, wadda ta fi kowa tsufa da kaifin baki a cikinsu, ta kawo shawarar a sa injin cikin addu'a ya yi tsatsa. Mama Hephzibah ta ce ita ba ta kai wa Ubangiji irin wannan roƙo. Amma a ranta ta tsorata, tsoro irin wanda ba ta ji ba tun ranar da aka binne Abednego.

Washegari ta tare Wilfred a ƙofar gidansa yana shirin hawa babur.

"Ɗana, wannan inji da ka kawo, an rubuta a jikinshi sai namiji zai taɓa?"

"Ba haka ba ne, Mama. Abin yana da haɗari. Ba kamar wuƙa ba ne."

"Wuƙa ma ba a haife mu da shi ba. Ka ba mu yini ɗaya. In ya ƙi mu, ka kira yaranka, ba zan sake buɗe baki ba."

Wilfred ya san cewa alkawarin rufe baki daga wajen Mama Hephzibah ba ƙaramin abu ba ne. Ya amince da ranar Asabar, lokacin da za a kawo masa lodin citta daga ƙauye. In matan suka gama lodin da injin kafin rana ta faɗi, aikin nasu ne. In injin ya tsaya a hannunsu, magana ta ƙare.

Mama Hephzibah ba ta taɓa tayar da ko janareto ba. Sai ta nufi wajen Hafsat, wata Bafulatana da iyayenta suka daɗe da zama a gefen garin, wadda ke da injin markaɗe a bakin kasuwa. Sun san juna tun Hafsat na yarinya tana kawo nono unguwarsu. Hafsat ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta ɗaure fuska ta shiga koyarwa. Ta nuna mata inda ake duba baƙin mai, da yadda ake buɗe fetur, da yadda ake kafa ƙafa a ja igiya da ƙarfi ɗaya ba tare da jin tausayinta ba. Jan farko Mama Hephzibah ta zauna daɓas a ƙasa, masu jiran markaɗe suka kawar da kai suna ƙunshe dariya. Ta tashi ta kaɗe zani ta sake kamawa. Kullum da safe tana can, har kafaɗarta ta daina ɗaguwa, har injin ya fara amsa mata. Gargaɗin da Hafsat ta fi nanatawa shi ne ta tamke zaninta da ɗankwalinta sosai, don bel ba ya sanin na gida. Mama Hephzibah ta ji wannan, ta kuma isar wa sauran mata kalma da kalma.

To, matan tsaga suna da wata al'ada da suka gada daga waɗanda suka riga su. Duk macen da ta shigo aikin sabuwa, ranarta ta farko shugabar mata kan ɗauko zaninta na Zumuntar Mata, wato zanin da matan coci ke sawa iri ɗaya, ta ɗaura wa baƙuwar a ƙugu. Da shi za ta yini tana aiki, da yamma ta mayar. Daga ranar ta zama 'yar gida: in ta kwanta ciwo a tsaga rabonta, in ta yi rashi a zauna da ita. Ba a taɓa tsallake wannan ba, kuma babu wadda ta zo wa aikin da sharri bayan an ɗaura mata.

Ranar Asabar da sassafe, bayan addu'a, Mama Lucy ce ta tayar da maganar. Ta ce tunda an hana ta roƙa wa abin tsatsa, to a karɓe shi yadda ake karɓar kowa, kada ya zauna a tsakiyarsu kamar baƙon da ba a ba ruwa ba. Nan take aka raɗa masa suna 'Yar Auta. Mama Hephzibah, da yake ita ce shugabar, ta buɗe jakarta ta fito da zanin a ninke. Abednego ne ya saya mata shi shekarar da ta shiga Zumunta, da shi ta tsaya a bakin kabarinsa, kuma duk da ya koɗe ba ta yarda ta sake wani ba. Ta naɗa shi a ƙarƙashin bakin injin, can sama da bel, ta yi masa ɗauri mai kyau irin na zuwa sujada a coci. Kowace mace a wurin ta tamke nata zanin tam kamar yadda Hafsat ta ce. Ba wadda ta yi tunanin cewa gargaɗin ya shafi 'Yar Auta ita ma.

Mama Hephzibah ta kafa ƙafa ta ja igiya. Injin ya yi tari ya kama. Aka zuba daron farko, sai ga citta na zubowa a tsage, fara tas, da saurin da ya sa matan suka yi ta guɗa. Wilfred da ke tsaye a inuwa ya sauke hannuwansa daga ƙirji. Amma inji ba ya tsayuwa cik kamar mace, rawar jiki yake yi. A hankali ɗaurin ya sassauta, gefen zanin ya zamo ƙasa, bel ya lashe shi. Kafin kowa ya motsa zanin ya shige, injin ya yi wata ƙara mara daɗi, ya mutu. Warin roba mai ƙuna ya cika wurin.

Babu wadda ta ji rauni, amma kunya ta rufe su duka. Hafsat, wadda ta bar markaɗenta ta zo kallo, ta durƙusa ta leƙa. Zanin ya nannaɗe ƙarfen da bel ke juyawa a kai, ya shaƙe shi gam. Ta ce in ana son zanin ya fita lafiya sai makanike ya zo daga Kafanchan ya kwance gefen injin, kuma kafin a samo shi ya gama, rana ta tafi.

Wilfred ya matso. Ya san zanin, don da gefensa Mama Hephzibah ta share masa hawaye ranar jana'izar mahaifiyarsa. Ya yi magana a hankali.

"Mama, bari in kira makanike a cire miki kayanki lafiya. Aikin kuma mu bar shi haka. Kun yi ƙoƙari."

Mama Hephzibah ta dubi zanin, ta dubi tarin buhunan da ke jira, ta dubi matan. Ranta ya yi zafi ƙwarai, kuma ba ta yi ƙoƙarin ɓoyewa ba, hawaye na nan a idonta kowa na gani. Ta sa hannu a jaka ta zaro tsohuwar wuƙarta ta tsaga.

"Ka ce in ya tsaya a hannunmu. Ba ka ce in ya tsaya ya sake tashi ba."

Ta durƙusa ta fara yanka. Yadi ne mai ƙwari duk da tsufansa, kuma ya matse, don haka sai ƙyalle-ƙyalle yake fitowa, kowanne baƙi ƙirin da mai. Tana yankowa tana jefarwa baya ba tare da ta waiwaya ba. Da ta cire na ƙarshe, Hafsat ta taya ta mayar da bel a mazauninsa. Ta share hannu a cinya, ta duba mai kamar yadda aka koya mata, ta ja igiya. Bai kama ba. Ta sake ja da duk fushin da ke cikinta, 'Yar Auta ta tashi.

Abin da ya biyo baya Wilfred da kansa yake ba da labarinsa har yau. Injin ya fi ƙarfin mutum biyu, don yana amayar da citta fiye da yadda za a iya kwashewa. Sai matan suka raba kansu ba tare da an sa su ba: wasu na wanke ƙasa daga ɗanyar citta, wasu na zubawa, wasu na gudu da daro zuwa wajen shanya, tsofaffin na zaune suna tsince ruɓaɓɓu. Waƙa ce kawai ta sha wahala, don ƙarar injin na danne ta. Mama Lucy ta ce yarinyar ba ta da tarbiyya, ba ta san a yi shiru manya na waƙa ba, sannan ta ɗaga murya sama da tata. Rana na kan dutsen Kagoro aka zazzage buhun ƙarshe.

Wilfred ya cire hularsa ya ce zai kira samarin ya ba su haƙuri. Bai yi musu ƙarya ba: ya ce ba kullum za a samu lodi irin na yau ba, kuma a ranakun da babu yawa, injin ba zai buƙaci ko rabinsu ba. Mama Hephzibah ta ce wannan matsalarsu ce, za su riƙa zuwa bi da bi, kuma kowace mace sai ta koyi jan igiya, har Mama Lucy. Ta tafi gida kafaɗa na zogi. Ba ta tsaya neman ƙyallayen ba, don ba ta son ganinsu.

Sai dai washegari Lahadi ce ta mata, ranar da Zumunta ke shiga majami'a a jere da waƙa, ita kuma a gaba. Dokar ranar a bayyane take: wadda ba ta da zanin ba ta shiga layi. Ba wanda ya fi Mama Hephzibah tsare wannan doka. Ta taɓa mayar da matar fasto baya a kanta. Don haka ta ɗaura wani zanin atamfa na gida, ta shiga da wuri, ta zauna a bencin ƙarshe kusa da ƙofa inda masu jarirai ke zama. Ta buɗe littafin waƙoƙi ta zuba masa ido ba ta karanta komai.

Aka buga ƙararrawa, amma layin bai shigo ba. Mutane suka fara waiwaye. Sai ga Mama Lucy ta shigo ita kaɗai tana dogara sanda, ta tsaya a kan Mama Hephzibah. A wuyan hannunta an ɗaura wani ƙyalle koɗaɗɗe mai tabon baƙin mai. Mama Hephzibah ta leƙa ta ƙofa. Matan tsaga na tsaye cikin layin, kowace da irin ƙyallen a hannu, an wanke amma man bai fita ba, kuma sun bar gurbin gaba babu kowa.

"Ke kika koya mana doka," in ji Mama Lucy. "Zaninki yana cikin layi, daga gaba har baya. Ke kaɗai muke jira. Tashi, ƙafana yana ciwo."

Mama Hephzibah ta rufe littafin ta miƙe. Ta fita ta tsaya a gurbinta da atamfarta ta gida, ta ɗaga hannun da har yanzu yake warin fetur da citta, ta ba da waƙa. Matan suka amsa, aka shiga.