Garin Sista Lucia

Tun ranar da aka ƙone kajin, Winifred ba ta sake sa nama a baki ba. Shekarar murar tsuntsaye ce. Wasu mutane suka zo gidansu a Samaru sanye da fararen kaya, suka cusa kajin babanta a buhuna, aka haƙa rami bayan katanga, aka zuba kananzir. Shekararta shida, ita ce kuma mai zuba musu ruwa kowace safiya kafin ta tafi makaranta. Babu wanda ya tuna ya janye ta daga bakin taga.

Da farko kaza ta ƙi. Daga nan ƙwai, daga nan kifi, daga nan duk wani abu da ya taɓa yin ido. Sai ta sa cokali ta bincike miya kafin ta kai loma.

Uwarta Jemimah malamar firamare ce. Ita ke zana wa 'yan aji huɗu abinci mai gina jiki a allo, kamar yadda yake a littafi: kifi, cinyar kaza, ƙwai. Wake kuwa a wurinta abincin ƙarshen wata ne, bai taɓa hawa allon ba. Don haka a lissafinta 'yarta ba ta cin komai da zai gina ta. Siket ɗin makaranta ya fara zamewa daga ƙugun yarinyar.

"Maman Wini, ba komai, yarinta ce," in ji maƙwabciyarta Nana Hafsat ta kan katanga. "Bikinku na Ista na zuwa. Ƙamshin suya zai dawo da ita."

Ista ta zo ta wuce, yarinyar ta yini a bayan ɗaki da gayan tuwo. Kowa dai ba komai. A unguwar nan ba komai ta fi kowane magani arha, kyauta ake rabawa, babu mai dawowa ya duba ko ta yi aiki. Dominic, mijin Jemimah, ma ko ba koman bai ce ba. Tun da aka ƙone kajin yake zama kan benci a ƙofar ɗakin kiwon da babu komai ciki, rediyo a cinya.

A taron zumuntar mata na coci ne Sista Lucia, mai shagon kayan masarufi a kasuwar Sabon Gari, ta ja Jemimah gefe ta ciro wata kwalba daga jaka. Gari ne ruwan ƙasa. Babu takarda a jiki, babu lamba, babu ranar lalacewa.

"Furotin ne, Maman Wini, furotin zalla, mai gina jiki. Cokali biyu cikin koko, shi ke nan. Ba ki ga yaron Madam Nwankwo ba? Kamar ana hura shi da famfon keke."

Tambayar ta zo wa Jemimah har bakin harshe: me ke ciki, wa ya haɗa? Amma ba a yi wa 'yar'uwa a zumunta irin wannan tambaya. Anko ɗaya kuke ɗaurawa, waƙa ɗaya kuke rerawa, in kin tambaya kin ce mata maƙaryaciya ke nan. Mace mai takardar koyarwa ta karɓi kwalba marar suna da hannu biyu, har da durƙusawa.

"Mama, kokon nan yana wari."

"Sabon gero ne. Shanye."

Ta shanye. Ana shiga mako na biyu amai ya fara, zawo ya biyo baya. Lucia ta ce ai wanke ciki yake yi, a ƙara cokali. Jemimah ta ƙara. Ranar da yarinyar ta kasa tsayawa a banɗaki sai da aka riƙe ta, ranar Dominic ya ajiye rediyo ya goya ta zuwa asibiti.

Aka sa mata ruwa. Likita Oladipo, da Hausarsa ta koyo, ya tambaya me ake ba ta a gida. Jemimah ta ciro kwalbar ta ɗora kan tebur. Dominic bai taɓa ganinta ba, don a bayan tukwane take ɓoyewa. Ya buɗe, ya shinshina, ya dangwala yatsa ya ɗanɗana.

"Abincin kaji ne," in ji Dominic, murya ba hawa ba sauka. "Wanda muke gaurayawa da masara. An tankaɗe an zuba sukari. Tun da kaji suka ƙare buhunan ke jibge a shaguna, damina ta same su. Akwai garin kifi ciki, da ƙashi, da busasshen jini. Da maganin zawon kaji."

Jemimah ta juya wajen gadon. Idanun Winifred a buɗe suke.

Likitan ya yi ta magana. Ya ce wake, waken suya, gyaɗa, nono, a haɗa da hatsi, sun ishi yaro ya girma ko bai ci nama ba, a riƙa kawo ta ana aunawa. Ya ce abin da ba shi da takarda da lamba ba a ba yaro, mai takardar ma sai an tambaya. Jemimah tana gyaɗa kai. Ta lura agogon bangon ɗakin ya tsaya, ta yi ta kallonsa.

Aka sallame su. Cikin ya lafa, amma yanzu yarinyar ba ta karɓar komai daga hannun uwarta. Koko, tuwo, shayi, sai ta juya fuska bango. Ruwa kawai take sha, shi ma sai ta tara kofi a famfo da kanta. Jemimah ta jira kuka ya zo mata, bai zo ba. Ta je makaranta, ta zana kifi a allo, ta dawo.

Ranar Asabar ta shiga motar Sabon Gari.

"Ni ma saye na yi, 'yar'uwa," in ji Lucia. "Ai ba ta mutu ba, mu gode wa Ubangiji. Abeg, don Allah kada ki kai maganar nan coci, ki ɓata zumunci."

Sauran kwalaben na jere tsakanin gwangwanayen tumatir. Jemimah ta ɗauko su ɗaya bayan ɗaya, ta kwance murfi, ta juye a kwata. Lucia na ihu, mutane sun taru, wani yana cewa a yi haƙuri, ba komai. Ita ba ta ji fushi ba, ta san kuma wani mako za a sake cika kwalaben. Ta mayar da su fanko kan kanta, ta wuce layin masu hatsi ta auni mudun waken suya.

A gida ba ta ce wa yarinyar zo ki ci ba. Ta zube waken a faranti tsakar gida.

"Wini, zo ki tsince min tsakuwa."

Ta zo. Ita ta zuba ruwan jiƙo daga famfo. Kashegari bayan coci ita ta ɗauki roba zuwa inji, ta tsaya har aka markaɗa, ba ta ɗauke ido ba. Ta riƙe bakin ƙyalle aka tace. Da Jemimah za ta zuba ruwan tsami a tukunya, yarinyar ta riƙe mata hannu.

"Mene ne wannan?"

"Ruwan tsamiya."

"Nuna min."

Ta nuna mata tsamiyar a kwano. Winifred ta shinshina, sannan ta saki hannun. Farin ruwan ya dunƙule, aka ƙulle a ƙyalle, aka danne da dutse, aka yanka, aka soya a man gyaɗa bayan ta leƙa cikin kwalbar man.

Jemimah ta ɗauki awara guda, ta hura, ta miƙa mata. Yarinyar ta dubi hannun. Ta kewaye shi, ta ɗauki wata daga matsami da kanta, ta je ta zauna kan bencin babanta tana ci a hankali. Ta dawo ta ɗauki ta biyu.

Jemimah na tsugune gaban kasko, ta hannunta ta huce. Can ta mayar da ita cikin sauran, ta gyara itace.