Hoda a Kafaɗar Sarkin Ɓeraye

"A kashe mana wuta," in ji likitar da ta zo ba su horo. Ɗakin taron ya yi duhu, Sarkin Ɓeraye ya farka firgigit daga gyangyaɗi.

Abokan aiki ne suka laƙaba masa sunan, don tun kafin furfura ta fito masa yake share kejin ɓerayen gwaji a cibiyar binciken. A ganinsa horon nan ɓata lokaci ne. Yarinyar da ko cizon ɓera ba ta taɓa sha ba ce za ta koya masa aikinsa? Shayin da aka yi alkawari ne kawai ya zaunar da shi.

Da safe ta miƙa musu ɓeran tsumma, kowa ya sa safar hannu ya nuna yadda yake kama dabba. Ashe ta barbaɗe shi da wata hoda da ido ba ya gani. Yanzu ta kunna tocila mai shuɗin haske tana bin su ɗaya bayan ɗaya, sai ga hodar tana ƙyalli a hancin wannan, a wayar wancan. Dariya ta ɓarke. Da ta zo kan Sarki, gemunsa ya haska, wuyan rigarsa ya haska, kafaɗarsa ta hagu kuwa kamar an shafa mata alli.

"Wannan hoda ce kawai," in ji ta. "Amma haka ƙurar gashi da fitsarin ɓera ke bin mutum. Wanda ya tafi gida da rigar aiki ya kai wa iyalinsa tsaraba. Wani ba ta yi masa komai, wani kuwa sai ta shaƙe masa ƙirji."

Nan take ya tuna gida. Autarsa ta daɗe ƙirjinta na fito kamar usur. Sun canza matashi, sun naɗe darduma, har faɗa ya yi da maƙwabci kan hayaƙin janareto. Shi kuwa kullum da rigar aiki yake komawa, wai wankin maiɗakinsa ya fi na cibiya fita. Kuma da ya yi sallama Auta ke rugowa ta cusa fuskarta a wannan kafaɗar.

Aka watse shan shayi, shi bai motsa ba. Can ya ƙarasa wurin likitar, ya kwashe komai ya gaya mata.

"Baba, ba zan yanke hukunci ban ga yarinya ba," ta ce. "Kawo ta gobe mu duba ta. Amma daga yau rigar nan a nan za ta riƙa kwana, kai kuma sai ka yi wanka kafin ka fita."

"Ni ne ke nan na cuce ta."

"Wanda bai sani ba ai bai yi cuta ba. Yanzu dai ka sani."

Banɗakin ma'aikata ya daɗe da zama ma'ajiyar tsintsiya da bokitai. Ya kwashe su, ya dirje jikinsa har gemu. Direban cibiya ya ara masa riga yana tsokana: "Sarki, wannan wanka haka, zance za ka?" A cikin bas yana ta sa wa likitar albarka, ita da iyayenta da malaman da suka koyar da ita, kunyar rainin da ya yi mata da safe tana cin sa.

Yana sallama Auta ta rugo ta ɗafe shi. Ta shinshina kafaɗarsa, ta ɗago kai tana ɓata fuska.

"Baba, yau ba ka ƙanshinka."

Ya ƙara rungume ta, kunnensa a kan bayanta yana sauraron numfashinta.

"Za ki saba da wannan, Auta," ya ce.