Kanar Ɗin Lif

Idan aka tanƙwara doka rana ɗaya domin a ceci ƙasa, abin da aka gina a kan wannan ranar halattacce ne ko kuwa? Lucjan Szary ya tsufa yana juya tambayar nan a ransa, kuma har yau ba a sami wanda ya amsa ta ba.

A kakar da Poland ta faɗi, farkon yaƙin duniya na biyu, shugaban ƙasa ya tsallake iyaka aka tsare shi, sai ya naɗa magaji kamar yadda tsarin mulki ya ba shi dama a lokacin yaƙi. Faransawa, masu masaukin gwamnatin gudun hijira, suka ce mutumin bai yi musu ba. Nan da nan ya janye, aka kawo wani. Lucjan yana Paris a lokacin, kyaftin na sojan doki wanda ba shi da doki, ɗaki ɗaya da abokinsa Wincenty Grabiec, shi ma kyaftin.

"Yanzu Bafaranshe ne zai zaɓa mana shugaba?" in ji Lucjan.

"Ko akuya suka zaɓa zan sara mata, in dai za a ba ni bindiga," in ji Wincenty. "Ci burodinka, malamin doka."

Tare suka yi yaƙin. Lucjan bai taɓa ja da baya ba, amma duk ƙarin girman da aka kawo masa sai ya mayar, ya ce hannun da ya bayar ba shi da hurumi. Wincenty kuwa karɓa yake yana dariya. A Holand, da motarsu ta kama wuta, shi ya jawo Lucjan ta wuyan riga, har fatar hannunsa ta saluɓe.

Yaƙi ya ƙare, gida bai komu ba, don 'yan gurguzu sun karɓe ƙasar. A Landan Lucjan ya sami aikin goge cokula a wani otal, Wincenty yana hawa da sauka da baƙi a lif ɗin wani. Gwamnatin hijira na nan, ba ƙasa ba runduna, amma tana ba da muƙami. Wata shekara sai ta ba Wincenty kanar.

Aka yi liyafa a kulob ɗin tsoffin sojoji, da kifin gishiri da barasa. Kowa ya zo ya buga ƙafa ya ce ranka ya daɗe Kanar. Da layi ya zo kan Lucjan sai ya miƙa hannu kawai.

"Barka, Wicek," in ji shi, da sunan da ya saba kiransa.

"Kai tsohon jaki, ce Kanar mana. Sau ɗaya, bakinka ba zai tsage ba."

"Kanar ɗin me? Kanar ɗin lif?"

Wasu suka yi dariya, suka kuma haɗiye ta. Wincenty ya matso, ya rage murya.

"Lucek, gida ya tafi, uwata ta mutu ban gan ta ba. Wannan kaɗai ya rage mini."

"Ba zan iya ba," in ji Lucjan. "In na faɗa, abin da na ƙi tun Paris ya zama wasa ke nan."

Daga ranar suka daina magana. Coci ɗaya suke zuwa a unguwar Ealing, ɗaya dama ɗaya hagu. Lucjan yakan hango ƙonannen hannun nan yana riƙe da kujera lokacin durƙuso, sai ya sake bin hujjarsa daga farko, ya tarar ba ta da ɓaraka. Abin da ya fi damunsa ke nan: da ya sami kuskure ko ɗaya, da ya tsallaka wurinsa.

Shekaru suka tafi. Wata ranar Laraba matar Wincenty, Pani Otylia, ta same shi a ƙofar bayan otal, hannunsa duk baƙin man goge azurfa.

"Kyaftin, mutuminka ya kwanta. Ba ya gane kowa, ni ma nas yake ce mini. Ba roƙo na zo ba, na gaji da ku duka biyun. In za ka je, ka tafi da hularka."

Ya gane nufinta. Sojan Poland ba ya sarawa da kai a buɗe.

Ya tono hular daga ƙasan akwati, ya goge tambarin mikiya da ke gabanta, ya sa ta a jakar takarda ya hau bas. A hanya ya sake bin hujjar. Tana nan yadda take.

Wincenty ya rame, ya zama kamar yaro a cikin bargo. Ya ji motsi a ƙofa, ya ɗago kai da ƙyar.

"Wane ne? A gabatar da kai."

Lucjan ya sa hula, ya haɗa dugadugai, ya kai yatsu biyu goshi.

"Ranka ya daɗe Kanar, Kyaftin Szary ne."

Mara lafiyar ya daɗe yana kallonsa, sannan ya yi wata 'yar dariya mai tari.

"Ƙarya kake, yaro. Szary ba zai taɓa ce mini kanar ba. Na san shi, jaki ne. Je ka turo min wanda ya aiko ka."

Ya juya fuska bango. Pani Otylia ta taɓa gwiwar hannun Lucjan ta ce ya zauna, akwai shayi. Bai sauke hannun ba.

"Ranka ya daɗe Kanar," ya sake cewa, "Kyaftin Szary ne."