Kwalba ta Biyar a Barandar Haugen

Shekara ashirin da shida ina haɗa giyar inabi a gonar Wendell Haugen, a gefen garin Walla Walla na Amurka, kuma ba a taɓa kama hancina da ƙarya ba. Ba cika baki ba ne. Rufe min ido ka miƙo kofi, in faɗa maka ƙasar da inabin ya fito. Shi ya sa raina ya ɓaci ƙwarai ranar da Corinne, 'yar maigidan, ta shinshina kofi a ɗakin ganguna ta yamutsa fuska.

"Anti Fina, wannan fa warin bargar doki yake yi."

Yarinyar da na yi rainonta da hannuna ke nan. Ta je karatu, ta yi shekara shida tana aiki a gonakin Ostareliya, ta dawo za ta karɓi gonar daga hannun ubanta.

"Barga?" na ce. "Ƙamshin ƙasarmu ne, 'yar nan. Duwatsun tsohon rafi ke ba da shi, tun kafin ki iya ɗaure takalmi."

Wendell ya tuntsire da dariya. "Gaya mata dai, Delfina. An yi yawon duniya an dawo, yanzu ƙasar ubanta ce ke wari."

Ganga arba'in ake magana, amfanin shekara guda cur, kuma ranar Litinin motar ɗura kwalabe za ta zo. Corinne ta dage cewa wani mugun yis ne ya samu gindin zama a tsofaffin gangunan. In aka ɗura a haka zai ci gaba da aikinsa a cikin kwalba, nan da shekara biyu mutane su buɗe a teburinsu su ji wari, ga sunan Haugen a jiki, ga aikina a ciki. Ni kuwa ko ɗar ban ji ba.

"To mu yi ta gargajiya," in ji Corinne. "Asabar da rana, a baranda, kwalba biyar a rufe. In kin gane su duka, bakina alekum."

Ran Asabar ta jera su, kowace a cikin jakar takarda an ɗaure wuyanta, ga bokitin tofarwa, ga busasshen burodi na share baki. Wendell ya jawo kujera ya harɗe kamar mai jiran wasan ƙwallo.

Na juya kofin farko, na kurɓa, na tofar. Mai kauri ce, santsi kamar man shanu, ga ƙamshin sabon katako.

"Napa ta Kaliforniya. Rana ta ishi inabin, kuma mai shi bai yi rowar sabuwar ganga ba."

Ta biyu baƙa ƙirin, zaƙinta kamar an dafa 'ya'yan itace har sun kama tukunya, da na'a-na'a can ƙasa-ƙasa.

"Kin kawo min tsarabar tsohon wurin aikinki. Barossa ta Ostareliya."

"Kai!" in ji Wendell, ya bugi cinya.

Ta uku launinta shara-shara, sai ka raina ta a ido, amma baurinta ya damƙe min dasashi har harshena ya bushe.

"Arewacin Italiya. Wannan sai nan da shekara goma za ta sauko ta yi magana da mutane."

Corinne ta cire jakunkuna uku, duk daidai. Na kalle ta na ɗaga gira, ban ɓoye jin daɗina ba.

Ta huɗu ko kurɓa ban yi ba na yi murmushi. Zaitun, nama mai hayaƙi, masoro, da ɗan gishiri a ƙarshen harshe.

"Haba, Corinne. Ɗana za ki ɓoye min a jaka? Tamu ce. Ki shinshina da kyau ki nuna min dokin."

Sai ta zuba ta biyar.

Na sa hanci, na janye. Na sake sawa. A ƙasa akwai zaitun da gishirin nan, amma wani abu ya danne su, gumin sirdi da jiƙaƙƙiyar ciyawa.

"Wannan ma daga duwatsunmu take," na ce. "Wani maƙwabci ne. Inabi mai kyau ya samu, ya kashe shi da ƙazamar ganga. Ga bargarki nan, in barga kike nema. Ko wane ne, ya kamata ya ji kunya."

Wendell ya karɓi kofin ya shinshina. "Tir! Na rantse ta Ostrander ce. Mutumin nan bai san wanke ganga da ruwan zafi ba."

Corinne ta kwance jaka ta huɗu. Sunan Ostrander ne a jiki, maƙwabcinmu na tsallaken titi. Sannan ta kwance ta biyar. Kwalba ce marar takarda, an rubuta da alli: ganga ta sha bakwai. Da safen nan ta ɗebo ta daga ɗakin gangunanmu.

Kunya ta kama ni har kunnuwana suka yi zafi, don ni na ce ya kamata mai ita ya ji kunya, kuma ban yi kuskure ba.

"Ba laifin hancinki ba ne, Anti," Corinne ta ce a hankali. "Kullum a cikin ɗakin kike ɗanɗanawa. Iskar da kike shaƙa ita ce a kofin."

"Gangunan nan uwarki ce ta zaɓo su," Wendell ya ce wa Corinne. Bai kalli kowa ba.

"Na sani, Baba."

Na ciro waya na kira mai motar da kaina, na ce ya ba wani ranar Litinin ɗin. Ya tambayi dalili, na ce giyar ba ta shirya ba, kuma ni na faɗa.

Daga nan na sauka ɗakin ganguna. Ina tura ƙofa warin ya tare ni, ƙarara, a ɗakin da nake shiga kowace safiya tun Corinne na 'yar shekara takwas. Na tsaya na shaƙe shi sosai don kada in sake mantawa da shi. Sai na ɗauki alli a kan kanta na leƙa waje.

"Corinne! Kwaso kofuna mu ɗebo daga gangunan ɗaya bayan ɗaya, mu ɗanɗana a waje. Ba duka arba'in ɗin ne suka kamu ba, kafin yamma zan ware miki masu lafiya."

Wendell ne ya fara saukowa, da kofunan a hannunsa.